Sunan da Uwaisu Ya Kira a Lasifika

Akwai wani ɗalibi ɗan Zariya mai suna Uwaisu, wanda ya je Greensboro ta ƙasar Amurka a shekarar 1981 don yin digiri na biyu a fannin ƙasar noma. Malamar da ke duba aikinsa Dakta Miriam Feld ce, Bayahudiya, mace mara yawan magana.

Tun zuwansa ta lura yana raɓewa bayan ƙofa ya yi salla. Sai ta sa aka kwashe kwalaye daga wani ƙaramin ɗaki, ta miƙa masa makulli don ya riƙa salla a ciki. Ranar da naƙuda ta kama matarsa Hafsatu kuwa, yana can gonar gwaji a McLeansville, ita ce ta kai ta asibiti a motarta.

A watan Satumba na 1982 labarin kisan Falasɗinawa a sansanonin Lebanon ya iso. Uwaisu ya ga hotunan a jarida, ya kwana biyu abinci bai shiga cikinsa ba. Ɗalibai suka kira taro a harabar makaranta, aka ba shi lasifika.

Da fari ya yi magana a kan matan da yaran da aka kashe, kuma gaskiya ya faɗa. Sai tafi ya yi masa daɗi. Ya bar batun sojoji da gwamnatin ƙasar Yahudawa da ake zargi da hannu a kisan, ya koma cewa Yahudawa duk halinsu ɗaya, har waɗanda ke koyarwa a nan. Wani daga cikin taron ya ce ya kawo misali. Bakinsa ya kira sunan Dakta Feld.

Washegari da safe ya tarar da ita tsaye a ƙofar ofishinta da soso da bokiti. Wani ya zana tambarin 'yan Nazi, waɗanda suka yi wa Yahudawa kisan ƙare dangi, da baƙin fenti a jikin ƙofar. Uwaisu ya yi sauri ya ce wallahi ba shi ya zana ba.

"Na sani," in ji ta, tana ci gaba da gogewa. "Kai sunana kawai ka ba su. Shekara guda muna aiki tare, ba ka taɓa tambayar ra'ayina a kan yaƙin nan ba. Da ka tambaya, ƙila mu yarda da juna, ƙila mu yi gardama. Amma ba ka tambaya ba."

Sannan ta gaya masa a hankali cewa ƙannen mahaifiyarta biyu a ƙarƙashin wannan tambarin aka kashe su a Poland.

Da ya koma gida, Hafsatu ta riga ta ji. Ta ajiye masa abinci, ta goya jaririyarsu Aminatu ta shige ɗaki. Da yamma ya je wajen Alhaji Sirajo, dattijon da 'yan Arewa ke kai wa matsalolinsu, yana fata a ce masa zafin zuciya ne kawai. Alhaji ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

"Malam Uwaisu, baƙin cikinka a kan Lebanon daidai ne, ni ma ina yi. Amma matar nan ta kashe wani? In wani a garinmu ya yi ta'asa aka zo nan aka shafa wa ƙofarka fenti, adalci za ka kira shi?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ƙara da cewa tunda a bainar jama'a ya ɓata ta, ba a lungun ofis zai gyara ba.

A taro na gaba ya sake karɓar lasifikar. Ya ce har gobe yana tir da kisan, amma abin da ya faɗa a kan Yahudawa da kuma malamarsa ƙarya ne, kuma zalunci ne. Wasu suka yi masa ihu, wani abokinsa ya daina gaishe shi daga ranar.

Dakta Feld ba ta taɓa ce masa ta yafe ba. Ta ci gaba da duba aikinsa layi-layi, ba ta rage masa maki ko ɗaya ba. Da ya kammala, ta ba shi takardar shaida da zai nemi aiki da ita a gida. Ya buɗe ta a tashar bas ta cikin gari. Ta rubuta cewa ɗalibi ne mai ƙwazo, kuma mutum ne mai iya tsayawa gaban jama'a ya ce ya yi kuskure. Uwaisu ya ninke takardar, ya daɗe a zaune bai iya ɗaga ido ya kalli kowa ba.

Darasi: Ka yi tir da zalunci ko wa ya aikata shi, amma kada ka ɗora laifin wata gwamnati a kan maƙwabcinka don kawai addininsa ko asalinsa. Kalmar da ka saki a cikin taro, wani ne zai ɗauka ya aikata da ita. Ku tura wa 'yan uwa, musamman ɗalibanmu da ke jami'o'i.