Wanda Ya Yanke Gefen Takardun Malaminsa

Da sunan Allah muke buɗewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ya 'yan uwa, ku matso. Na baya, ku mayar da wayoyinku aljihu, don masifar da za ni ba ku labarinta ta cikin waya ta shigo.

An yi wani mutum a nan ƙasar tamu, tsakanin Isa da Sabon Birni, a 'yan shekarun nan. Ba za ni kama sunansa ba, kuma kada wani ya tare ni bayan salla yana mini raɗa, "Malam, wane ne?" Ban amsawa.

Ɗan kasuwa ne. Yana kai gero da dawa Nijar, ya dawo da abin da ya samu. Ba ya sha, ba ya neman mata, sahun farko ba ya wuce shi. In ka gan shi ka ce wannan ya gama da Shaiɗan. To, Shaiɗan ba ya rasa ƙofa. Cutar wanga mutum guda ce: son a ce shi ne.

Wata rana aka gayyace shi ƙaddamar da littafin wani abokinsa. Ya ji an kira abokin "marubuci" a lasifika, ya ga an tashi tsaye ana tafi. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Yana yaro ya yi karatu wurin wani dattijo a wani ƙauye kusa da Gatawa, ana ce da shi Malam Sodangi. Allah ya ba Malam Sodangi sanin magani, na saiwa da na ganye da na sassaƙe. Shekara arba'in yana rubuta abin da ya gwada, da ajami, a kan takardu falle-falle, yana ajiyewa cikin gafaka.

Ku kula da yadda yake aikinsa. Maganin yakan rubuta shi da baƙar tawada a tsakiyar takarda. In daga baya ya gano kuskure, ko ya ga maganin ya cutar da wani, ba ya goge na farko. Sai ya ɗauki jar tawada ya rubuta gyaran a gefe, da ƙananan baƙaƙe. Kuma a gefen kowane falle yakan sa sunansa da 'yar addu'a, don in falle ya ɓata ya dawo gida.

Malam Sodangi ya rasu. Bayan shekara biyu 'yan bindiga suka shiga ƙauyen. Kun san sauran, ba sai na tono muku ciwo ba. Ɗiyarsa Ikilima ta tsira ta iso Sabon Birni da gafakar nan goye a bayanta.

Ta nemi wanga mutum, don ta san almajirin mahaifinta ne kuma yana zuwa Sakkwato. Ta ce, "Yaya, ga amanar Baba. Ko tabarma ban fito da ita ba, sai wagga gafaka. Ni ban iya boko ba. Ka kai a buga, mutane su amfana, a riƙa yi mishi addu'a."

Ya karɓa da hannu biyu, har da hawaye. Ya ce, "Ƙanwata, kin gama naki."

Ni na yarda a ranar da gaske yake. Amma gafakar ta yi sati biyu a ɗakinsa, Shaiɗan ya samu abokin hira. Malam ya mutu. Ikilima ba ta karanta boko. Ƙauyen ya watse. Wa zai sani?

Ya tafi Sakkwato, aka nuna masa wata maɗaba'a ta wani dattijo, Alhaji Dalhatu. Wurin ba shi da kyan gani, ko kujerar kirki babu. Dattijon ya sa tabarau, ya yi ta juya takardun, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya rubuta wanga?"

Ya ce, "Ni na rubuta."

Dattijon ya ɗora yatsa a gefen falle. "To, wane ne Sodangi?"

Mutumin ya yi 'yan kame-kame, ya ce malaminsa ne, ya ɗan taimaka masa.

Alhaji Dalhatu bai ƙaryata shi ba, bai kuma kunyata shi ba. Ya dai ce, "Za ni buga, amma da sharaɗi. Za ni so in ji daga bakin magadan wanga bawan Allah. Kuma za ni ba masana su karanta, baƙi da ja, layi bayan layi. Zai kai wata shida, ko ya fi. Littafin magani ba tatsuniya ba ne, Alhaji. In an yi kuskure a tatsuniya dariya ake yi. In an yi a nan, jana'iza ake yi."

Ya 'yan uwa, wallahi wannan magana rahama ce Allah ya aiko masa har inda yake zaune. Amma shi cin fuska ya ji. Ya tattara takardu ya fito yana huci, wai tsoho ya raina shi.

A mota, kan hanyar dawowa, yana latsa waya sai ga talla. Wasu masu buga littafi a wani gari mai nisa. Ya kira lambar. Murya mai taushi ta amsa, tun kafin a san ko shi wane ne an fara ce masa "Shehi".

Ya tambaya, "Za ku ba wani ya duba?"

Aka ce, "Haba Shehi, wa zai duba irinku? Mu ba ruwanmu da abin da ke ciki, kai ne mai littafi. Ka ɗauki hoton takardun ka turo, mu mayar da su boko. Sati uku ka ga kayanka, da hotonka a bango."

Ya ce a ransa, yawwa, ga mutanen da suka san darajar mutum.

Saura matsala guda: sunan nan da ke gefen kowane falle. Dattijon Sakkwato ya gani, waɗannan ma za su gani a hoto. Sai ya shiga shagonsa da rana tsaka, ya turo ƙofa, ya ɗauki sabuwar reza. Falle bayan falle yana yanke gefe, yana barin tsakiya. Fiye da falle ɗari biyu.

Ya ga jan rubutun? Ya gani mana, ba makaho ba ne. Amma baƙaƙen ƙanana ne, ajaminsa kuma ya yi tsatsa, ga sauri yana yi. Ya karanta biyu, ya tarar suna ne da addu'a, sai ya yanke hukunci duk haka suke.

Ku ji ƙarshen wautar. Da ya tara yankakkun, sai tsoron Allah ya zo masa. Ya ce akwai sunan Allah a ciki, bai kamata a zubar a juji ba. Ya samo kasko ya ƙona su tas, ya binne tokar a wuri mai tsarki. Subhanallahi! Ya girmama takarda, ya ci amanar mai takarda, kuma ya tashi yana jin ya yi aikin lada.

Littafi ya fito, koren bango, ga hoton mutumin da rawani. Aka yi ƙaddamarwa a Isa. Ba a gayyaci Ikilima ba. Duk sanda ta aiko tambaya sai ya ce ana kan aiki.

Kada in ɓoye muku, ni ma ina wurin taron. Ni na buɗe shi da addu'a. Na ci shinkafa, na yabi littafin da ban karanta ba. Ban tambayi yaushe ɗan kasuwar gero ya zama masanin magani ba, na ji nauyi. Ina neman gafarar Allah a kan wannan har yau.

Littafi ya shiga kasuwa. Ya je Bafarawa, ya je Gatawa, ya tsallaka Nijar cikin kayan fatake. Wasu suka ɗauke shi a waya suna tura wa juna sadaka. Mutane suka karɓe shi da murna, don kun san halin da muke ciki: asibiti ya yi nisa, hanya ba kullum take biyuwa ba.

Wanga mutum yana da ɗiya, Firdausi, wadda ya fi so cikin 'ya'yansa. Tana aure a Tozai, mijinta Jabir manomi ne. Tana da cikin fari, wata shida. Zazzaɓi ya kama ta, idanunta suka yi rawaya. A satin nan babu mai babur da ya yarda ya bi hanyar Isa.

Me Jabir zai yi? Ya ɗauko littafin surukinsa. Ya sami ciwon, ya sami maganin, ya shiga daji ya tono saiwar. Firdausi da kanta ta ce, "Ba ni in sha. Littafin Baba ne."

Ta sha kwana uku. A na huɗu cikin ya zube. Namiji ne. Jini ya ƙi tsayawa, sai da Jabir ya sayar da rai ya ɗauko ta a babur zuwa asibitin Isa. Allah ya yi da sauran kwananta.

Ikilima ta ji labari ta zo dubiya, don ita har lokacin ɗan uwa ta ɗauki mahaifin Firdausi. Mutumin yana zaune gefen gadon ɗiyarsa. Ta tambayi Jabir me aka ba ta. Ya ciro littafin daga aljihu ya karanta mata.

Bai kai ƙarshe ba ta miƙe tsaye. Ta ce, "Wagga ai maganar Baba ce. Ni ke daka mishi wagga saiwa. Ci gaba, karanta jan."

Jabir ya ce, "Inna, babu wani ja."

Ta ce, "Akwai! Ya rubuta a gefe, kada a ba mai ciki ko da kurɓa guda. Ina zaune ya rubuta, yana kuka, bayan abin da ya sami wata mata da ya ba."

Firdausi ta juyo da kai da kyar, ta dubi mahaifinta. Ta ce, "Baba, kai ka rubuta littafin ga, ko ba kai ba?"

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku yi tunani. In ya ce shi ya rubuta, to shi ya kashe jikansa da jahilci. In ya ce ba shi ba ne, to ɓarawo ne, kuma ya kashe jikansa da sata. Wace amsa uba zai ba ɗiyarsa? Sai ya durƙusa a ƙasa ya faɗi gaskiya duka, gaban surukinsa da majinyatan da ke ɗakin.

Ikilima ba ta zage shi ba. Ta ce ya kawo mata takardun mahaifinta. Ya kawo washegari. Ta buɗe gafaka, ta ga sun tsuke. Ta ce, "Yaya, ina gefen?"

Ya ce, "Na ƙona."

Ta zauna ta dafe kai, ta yi ta tuno abin da ta ji daga bakin mahaifinta. Wannan ba a haɗa shi da wancan. Wannan an rage shi zuwa rabi. Wannan an bar shi gaba ɗaya. Gyara bakwai ta iya tunawa. Ta ce masa jan rubutu kuwa yana kan mafi yawan takardun.

Ya kira masu buga littafin, ya roƙe su su janye shi. Wannan karon babu "Shehi". Aka ce masa, "Malam, abin da ka turo muka buga." Aka kashe waya. Kuma gaskiya suka faɗa. Ya nemi waɗanda ba sa tambaya, ya same su.

Yanzu ya bar fatauci. Ran kasuwar Bafarawa yana can, ran kasuwar Isa yana nan, da jan biro a aljihu. Duk wanda ya gani da littafin sai ya roƙe shi ya karɓe. In an hana shi, ya roƙa a bar shi ya soke sunansa ya sa na Malam Sodangi, ya rubuta gyara bakwai ɗin nan a gefe. Wasu su yi masa dariya, wasu su zage shi. Firdausi tana gaishe shi, don uba uba ne, amma ba ta ƙara haɗa ido da shi ba.

Na gamu da shi watan jiya, ya rame kamar kara. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, bakwai na sani. Sauran fa? Duk sanda na ji an yi rasuwa a wani ƙauye, sai in ce ko ni ne." Na ce masa ƙofar tuba ba ta rufe ba.

To, ina darasin? Yanzu kowa na son ya buga littafi, kuma ba laifi ba ne. Malami ya buga wa'azinsa, mai tarihi ya buga tarihin Gobir, mace ta buga abin da Allah ya sanar da ita. Amma in za ka zaɓi wanda zai buga maka, kada ka bi mai daɗin baki. Nemi wanda zai tambaye ka wa ya rubuta, wanda zai ba masani ya karanta, wanda zai ce maka nan ka yi kuskure. Wanda ya jinkirta ka don ya duba, masoyinka ne. Wanda ya ce ba ruwansa da abin da ke ciki, to ranar da abu ya ɓaci ma ba ruwansa.

Kuma ku ji tsoron amana. Amanar mamaci ta fi nauyi, don ba ya nan balle ka roƙe shi yafiya. Ku ji tsoron son a sani. Wanga mutum bai nemi cutar da kowa ba, tafi kawai yake so. Maganar baki takan mutu da wanda ya ji ta, amma abin da aka buga yana tafiya kana barci, yana tafiya kana kabari, ana rubuta maka lada ko zunubi.

Shi ne ya roƙe ni in ba da wanga labari a kan mumbari. Wanda ke da littafin a gida ya riga ya gane wanda nake nufi. Don Allah, kada ka sha komai daga cikinsa, kada ka ba iyalinka. In yana wayarka ka goge, ka gaya wa wanda ka tura wa. Ka rufa wa mutumin asiri, ka yi masa addu'a.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Sodangi, ka ba Firdausi mai albarka a madadin wanda ta rasa, ka karɓi tuban bawanka, ka tsare waɗanda littafin ya isa hannunsu ba mu sani ba. Daga cin amana, da son yabo, da ƙin gyara, Allah ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu. Amin.