Ranar da Mai Eriya Ya Saki Famfo

Ku matso kusa, 'ya'yana, ga wata nan tafe gare ku.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda shi ne ya fara kawo intanet cikin gidajen wata unguwa. Ya kafa doguwar eriya a kan benen da ya fi kowanne tsawo, ya dasa ƙanana a kan rufin mutane, kowane gida da ɗan akwatinsa mai ƙyafta fitila. Tun daga nan sunansa ya ɓace, sai Mai Eriya.

Akwai wani dattijo da ke masa aiki, ana ce masa Mai Tsani. Shi ke hawa rufi. Kai, mutumin nan ya iya aiki! Ba ya taka kwano sai a kan layin ƙusa, don kada ya bar wa mutum yoyo. In ya ja waya a bango, za ka rantse da ma'auni ya ja ta. In ya gama, sai ya nemi tsintsiya ya share ƙurar da ya zubar. Matan gida kan tsokane shi: "Baba, kai da tsanin nan wa ya girmi wani?" Ya ce, "Shi ya girme ni, amma na fi shi jin magana."

A ƙofar shago Mai Eriya ya rubuta da manyan baƙaƙe: BA IYAKA, SHA IYA SHANKA. Da fari kuwa haka abin yake. Sai gidaje suka yi yawa. Kamata ya yi ya ƙaro ƙarfin sabis, amma ya duba gabas ya duba yamma, babu abokin gasa. Masu dogayen benaye ma ya riga ya shirya da su, kada a bar kowa ya kafa eriya. Ina mutane za su je?

Sai ya zauna gaban kwamfuta ya auna wa kowane gida mudunsa na sabis a wata. Gidan da ya cinye nasa, ya shaƙe masa famfo, sabis ya koma ɗigo. Allon ƙofa kuwa bai taɓa shi ba.

Ku lura, ya 'yan uwa. Sa iyaka ba zunubi ba ne. Kowace rijiya da zurfinta, kowane ɗan kasuwa da ƙarfinsa. Zunubin shi ne ka ce babu, alhali ka sa.

In an kawo kuka sai Mai Eriya ya ce, "Baba, je ka duba. Hadari ne. In babu hadari, wayarsu ce ta tsufa." Dattijo ya ɗauki tsani, ya hau, ya juya eriya, ya ɗaure ƙusa. Shi kuma daga shago ya saki famfo na kwana ɗaya. A yi ta sa wa dattijo albarka, shi kuwa yana mamaki, don bai ga abin da ya gyara ba.

Wata rana ya shiga shago ɗaukar waya, idonsa ya faɗa kan kwamfuta. Ga lambobin gidaje a jere, wasu kore wasu ja. Jajayen nan kuwa su ne gidajen da ya hau a makon. Ya ce, "Maigida, mene ne wannan?"

"Baba, kai dai aikinka tsani. Bar mini kwamfuta."

Gida na gaba da aka tura shi na wata malama ne, mai koyar da ɗalibai daga ɗakinta ta bidiyo. Ga ɗan allonta a jingine, ga waya a kan tarin littattafai. Duk wata, da an kai ashirin, sai hotonta ya daskare tana tsakiyar magana, baki buɗe, yara su yi ta dariya. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Har sabuwar waya ta saya a kan maganar Mai Tsani.

Ta tare shi a bakin ƙofa. "Baba, ga sabuwar waya, ga sama tas babu hadari. Ka faɗa mini don Allah, yau kuma laifin wa?"

Ya san in ya buɗe baki, aikinsa ya tafi, ga iyali a gida. Ya san in ya hau rufin nan, ƙaryar ta zama tasa, don yau da saninsa zai hau. Ya jingine tsani, bai hau ba. Ya ce, "'Yata, wayarki lafiyarta ƙalau, har waccan ma. Mudu aka auna miki, kin cinye, aka shaƙe. Ni na sa ki asara ban sani ba. Ki yafe mini."

Magana ta kai shago, kafin la'asar an kore shi. Ya cire rigar aiki ya ninke, ya ɗauki tsaninsa, don da ma nasa ne.

Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka yarda, wasu suka ce haushin kora ne. Dattijo bai bi gida gida yana kare kansa ba. Ya koma gyaran indararo da rataya fanka.

Ana nan sai ga wani sabon kamfani, masu jan waya ta kan turaku, ba ruwansu da benen kowa. Suka nemi wanda ya san gidajen unguwar, aka nuna musu shi. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Duk akwatin da na kafa, zan rubuta mudunsa a jikinsa da babban alƙalami, gaban mai gida." Suka yarda.

Mai Eriya ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wa zai bar ba iyaka ya koma mai iyaka?" Amma da ya ga gida biyar sun tafi, goma sun bi, sai tsoro ya kama shi. Ya yi dabarar da ta kashe shi. Ranar ashirin da uku ga wata, da hantsi, ya saki famfon kowa da kowa, don ya nuna nasa ya fi gudu.

Ranar kuwa ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

A shagon aski mutane sun fake, ana kallon ƙwallo a waya, hoto na tafiya sumul. Wanzami ya tsayar da almakashi. "Jama'a, yau nawa ga wata?" Aka faɗa masa. Ya leƙa waje ya ce, "To ga hadari har ya zubo. Ni kuma wayata ta girmi autana. Yaya aka yi ta warke?" Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu. Kowa ya gane da ma famfon a hannun mutum yake, shekara da shekaru.

Shaidar da dattijo bai nema ba, Mai Eriya ya bayar da hannunsa.

Da ruwa ya ɗauke, aka fara kawo akwatuna. Babu zagi, babu duka. Kowa ya ajiye nasa a ƙarƙashin allon nan ya juya. Mai Eriya ya rage kuɗi, ba a dawo ba. Ya rantse, ba a saurara ba. Masu gidaje suka ce ya zo ya kwashe ƙarafansa, ga shi jiki ya yi nauyi, rufi ya fi ƙarfinsa. Wa kuke tsammani ya sauke masa su? Mai Tsani ne, bayan ya tashi daga aiki, ɗaya bayan ɗaya, bai lanƙwasa ko guda ba.

Ya 'yan uwa, tauye mudu ba a kasuwar hatsi kaɗai yake ba. Wanda ido ba ya gani ya fi haɗari, don mai shi yakan manta Allah na gani. Kuma kada rashin abokin gasa ya ruɗe ka. Mutanen da suka zauna da kai don ba su da wajen zuwa, ranar da ƙofa ta buɗe, gaskiyarka ce kaɗai za ta tsayar da su.

Mai Eriya ya rufe shago, ya bar unguwar. Malama ta samu wasu ɗaliban, ba duka suka dawo ba. Mai Tsani yana nan yana rubutu a jikin akwatuna, yana share ƙurarsa.

Allah ya kiyaye mu daga mudun ɓoye, ya sa abin da muka rubuta a ƙofa shi ne abin da ke cikin ɗaki. Amin.