Funfunar Rumbun Malam Ɗan'inna

Akwai wani matashi mai suna Nata'ala a wani ƙauye kusa da Ringim. A shekarar 1999 ya dawo daga jami'a da ƙananan kwalabe, yana bin rumbunan mutane yana kankarar funfuna. Shi da malaminsa suna binciken ko za a samu magani a cikinta na wani gyambo da cizon ɗan mitsitsin ƙwaro ke jawowa.

Kawunsa, Malam Ɗan'inna, yana da irin gyambon a ƙwauri. Wata huɗu ya ƙi warkewa, ga damina ta ƙarato, ga gona na jira.

Ranar da Nata'ala ya kankari rumbun kawun nasa, Malam Ɗan'inna ya tsare shi da ido.

"Kai ɗan boko, tun da akwai magani a ciki, shafa min mana."

"Kawu, ba mu sani ba tukuna. Gwaji muke, kuma wata funfunar guba ce. Ka zo in kai ka asibiti a Dutse, akwai allurar wannan ciwon."

Malam ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Bayan Azahar ya ce wa matarsa Hindatu, "Kin taɓa ganin wanda ya zo tun daga birni don abin banza? Ɓoye mana yake, Turawa zai kai wa."

"Malam, yaron nan fa ɗan ƙanwarka ne."

"Shi ya sa ya san hanyar rumbuna!"

Ya kankaro funfunar da kansa, ya kwaɓa da man shanu, ya ɗaure a ƙafar.

Kwana biyar ƙafa ta kumbura kamar turmi, zazzaɓi ya kwantar da shi. Nata'ala bai ce masa "ai na faɗa" ba, ya dai nemo mota ya kai shi Dutse.

Da ƙyar likitoci suka ceci ƙafar. Malam na kwance ya tambayi Nata'ala a hankali, "To, me kuka gani a tawa funfunar?"

"Mun gwada, Kawu. Ko ƙwayar cuta ɗaya ba ta kashe ba."

Sati shida ya yi a asibiti. Ranar da ya dawo da sanda, geron maƙwabta ya kai gwiwa, gonarsa kuwa ciyawa ce zalla.

Darasi: Wanda ya ce maka "ban sani ba tukuna" ba ɓoye maka yake ba, gaskiya ya faɗa maka. Kada zargi ya sa ka mai da jikinka wurin gwaji. Ku tura wa 'yan uwa masu shafa duk abin da suka ji a kan ciwo.