Yayen Nomau Na Biyu

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To ku gyara zama. Kai mai tsotsar leda, cire ta daga bakinka, wannan taka ce.

Wata tsohuwa ce, sunanta Tabawa, gidanta na ƙarshen gari, daga shi sai daji. Ran nan 'yarta ta kawo mata jikanta Nomau yaye. Kun san yadda ake yi, in an cire yaro daga nono, gidan kakarsa ake kai shi ya manta. Kuma abin kunya ne kaka ta mayar da yaro bai yi ƙiba ba. Sai a ce ba ta iya riƙo ba.

Da gudu Nomau ya shigo gidan. Ya kori kaji, ya tsallake taɓarya. Uwar ta ce sai an gama girbi za ta zo ɗaukarsa. Tana juya baya ya fasa kuka. Aka ba shi kunu, ya ture. Aka ba shi kindirmo, ya ture. Aka ba shi ruwa, ya ɓarar.

Tabawa ta ce, "Haba angona, so kake ka ba ni kunya a garin nan?"

Ana haka sai ga Kurege. A zamanin nan Kurege ba ya gudu, ba ya tsalle, jan ciki yake yi kamar kunkuru. Yana janye da gora. Ya cire marfi, goran ya ce tsss, kumfa ta taso. Ruwan ciki ja wur kamar garwashi, yana tsirto shi kaɗai, ƙamshi ya cika gida. Tabawa ta saki baki. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ruwa mai numfashi ba.

Kurege ya ce, "Ruwan zaƙi ne, Iya. Kurɓi ɗaya, kuka ya ƙare."

"Me zan ba ka?"

"Tsallen yaron nan kawai. Me ɗan yaye zai yi da tsalle, in ba ya faɗi ya fasa baki ba?"

Tabawa ta ga gaskiya ne. Kurege ya shafa gwiwar Nomau, ya zaro wani abu kore shar yana ɓal-ɓal kamar fara, ya haɗiye. Nomau ya sha zaƙi ya yi shiru. Kumatu suka fito.

Gora ya ƙare, kuka ya dawo, Kurege ya dawo yana tsalle.

"Yau gudunsa nake so, Iya. Ke da ciwon gwiwa, wa zai bi miki shi?"

Ta ce ɗauka. Ya shafa tafin ƙafar yaro, ya zaro wata 'yar guguwa tana juyi a hannunsa, ya haɗiye. Nomau ya sha, ya sha. Wuya ya ɓace. Matan unguwa suka riƙa leƙowa suna cewa, "Tubarkalla, Tabawa kin iya riƙo." Ita kuwa kanta ya yi girma, ta daina ba shi ruwa ma sam.

Na uku Kurege ya zo da gudu.

"Tsayuwarsa ta rage. Yaro mai daraja ai zama yake yi, a kawo masa."

Me ta ce, yara?

Ta ce ɗauka.

Haka ta ce. Kurege ya shafa bayan Nomau, ya zaro wani abu dogo miƙaƙƙe yana ƙyalli kamar karan dawa da raɓa, ya haɗiye. Nomau ya zauna daɓas.

Kwanaki suka tafi, gero ya fara nuna. Wata rana yara suna guje-guje a ƙofar gida, Nomau yana kallonsu yana haki, bai ko motsa ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Kaka, ɗaga ni." Ta kama shi ta tsayar, ya zube. Ta ce bari ta goya shi, zani ya ce ɓarrr. Nan tsoro ya kama ta. Yaron da ya shigo gidanta da gudu, da me zai koma wurin uwarsa?

Ta bar shi wurin maƙwabciya, ta shiga daji neman Kurege. Ta hango shi, ya yi tsalle, ya sheƙa, ya miƙe tsaye da ƙafa biyu yana mata dariya da tsayuwar jikanta. Ta bi shi, ta bi shi, har ya ɓace mata. Hantsi ya yi, sai ta tsinci kanta a bakin wani marmaro.

Ku yi shiru ku ji. Ruwa ne yake ɓuɓɓugowa daga cikin dutse, garai-garai, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Duk namun daji sun jeru. Ga zaki, ga ɓauna, ga barewa, ga raƙumin dawa ya ware ƙafafu ya sauke wannan dogon wuya. Ba mai cizon wani, ba mai magana. Ba ka jin komai sai ƙarar haɗiyar ruwa. Tabawa ta zauna a gefe tana kallo.

Inuwa ta rufe ta. Ta ɗaga kai, Giwa ce.

"Me ya kawo ki, 'yar tsohuwa?"

Tabawa ta faɗa mata komai tana hawaye.

Giwa ta ce, "Dubi barewa. Wa ya fi ta tsalle? Dubi zaki. Dube ni, ina tuge bishiyar kuka da hancina. Me kika ga muna sha?"

"Ruwa, ranki ya daɗe."

"To. Abin da Kurege ya haɗiye bai zama nasa ba. Zaƙin da ke cikin yaron ne yake riƙe masa shi. Ki rage zaƙin, zai amayar."

"In na hana shi zai yi kuka."

"Zai yi. Ba yaye aka kawo miki shi ba? Ki yi masa na biyu. Kada ki fizge goran rana ɗaya, ki riƙa sirkawa."

Tabawa ta cika tulu ta koma gida.

Satin farko ta riƙa zuba ludayin ruwa a cikin zaƙin. Nomau ya ɗanɗana, ya gane, ya yi jifa da ƙoƙon. Ya yi kuka, ita ma ta yi, amma ba ta ƙara zaƙi ba. Ta yanka masa gwanda ya riƙa tauna. Ran na bakwai Kurege ya yi shaƙuwa a bayan danga, abin nan mai ƙyalli ya fito fit, ya shige bayan Nomau. Yaro ya dafa turmi ya miƙe.

Sati na biyu ruwa ya rinjayi zaƙi. Mata suka fara cewa, "Tabawa, yaron nan zubewa yake yi, me za ki ce wa uwarsa?" Maganar ta soke ta ƙwarai. Ga kuma Kurege da sabon gora.

"Wannan kyauta ne, Iya. Ba na son komai."

Ta karɓa. Ta dubi Nomau yana takawa a hankali zuwa wurin kaji. Ta tuntsurar da goran a ƙasa, tururuwa suka yi biki. Kurege ya yi shaƙuwa, 'yar guguwa ta fito ta shige ƙafar yaro.

Sati na uku ba ta zuba zaƙi ko ɗigo ba. Nomau ya shigo daga wasa, gumi sharkaf, ya rungume tulu ya ce, "Kaka, ruwa." Ya shanye ƙoƙo guda, ya sauke ajiyar zuciya. Abin nan kore ya fito daga bakin Kurege, ya dira a gwiwarsa. Ya tsallake taɓarya.

Aka gama girbi, uwar ta zo. Ta dubi ɗanta sama da ƙasa, fuskarta ta canja.

"Inna, na ji ana cewa ya yi ɓul-ɓul. Ai ban ga ƙibar ba."

Tabawa ta ce, "Kama shi in kin iya."

Uwar ta miƙa hannu, Nomau ya zille. Ta bi shi bayan rumbu, ya ɓullo ta gaba. Sai da suka zaga gidan sau uku, ta tsaya tana haki tana dariya. Shi ya dawo da kansa ya yi tsalle ya ɗare jikinta.

Kurege kuwa ɗan guntu-guntun abin da ya haɗiye ne ya maƙale masa a maƙogwaro. Shi ya sa har yau in ya yi ɗan gudu sai ya tsaya, ya miƙe da ƙafa biyu yana waige-waige, yana tsoron kada Tabawa ta zo karɓar ragowar.

Ƙibar yaro ba ita ce lafiyarsa ba. Zaƙi na marmari ne, ruwa shi ne abin sha. Kai mai leda, tashi ka ɗebo mini a randa, maƙogwarona ya bushe.

Ƙurunƙus, ta shige ramin Kurege.