Yadda Zabuwa Ta Bar Akurki

Dalilin da ya sa zabuwa ba ta yin ƙwai a gida, sai mun bi ta cikin ciyawa muna neman gurbinta, shi zan gaya muku. Ku matso nan, ku ƙyale kazar can tana kwanci.

A da, zabuwa a akurki take kwana. Ta saka ƙwanta a kusurwa, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe abinta. To, akwai wata mata ana ce mata Yalwa, mijinta ya rasu ya bar mata zabuwa ɗaya da kaza ɗaya. Ba ta roƙon kowa, ƙwan zabuwar nan take kai wa kasuwa ta ci abinci. Sai ta lura da zarar zabuwa ta hau kwanci ƙwai ya tsaya, ga damina ba ta jiran mutum.

Ta kira Zabuwa ta ce ta ci gaba da saka, Kaza za ta yi mata kwancin. Zabuwa ta daɗe tana juya maganar, sannan ta ce, "Uwar ɗakina, na yarda. Amma ƙwaina ɓawonsa da tauri, ya fi na Kaza daɗewa. Kada a haɗa nawa da nata." Yalwa ta ce ta ji.

Ta je wajen Kaza. Kaza ta ce ladanta tsaki safe da yamma. Yalwa ta ce ashe ba ta da kunya, zama kawai za ta yi, wane tsaki kuma? Ta taya dusa. Kaza ta ce albarka. Suka yi ta ja har Kaza ta gaji, ta ce to ta yafe tsakin, amma a bar ta ta sa nata ƙwan a ciki. Yalwa ta ga ta samu aiki kyauta, ta ce ta sallama. Ni dai ban ga mai ciniki kamarta ba, sai dai ba kowace araha ake ɗauka ba.

Kaza ta kwanta. Da lokaci ya yi nata suka fashe, 'yan tsaki suka fito suna kuka. Ta miƙe ta kakkaɓe jiki ta ja su waje, ta bar na Zabuwa da sauran kwanaki. Yalwa ta biyo ta da ƙwarya cike da tsaki, tana cewa ta koma, ta ci iya cinta. Kaza ta ce, "Ranar da na tambaya ba ki ba ni ba. Yanzu ga masu baki suna bina, zan koma wa marasa baki?"

Yalwa ta kwashe ƙwan. Ta zuba ƙaiƙayi a kasko, ta shimfiɗa auduga, ta jera su kusa da murhu tana juyawa. Gefe ya yi zafi, gefe ya yi sanyi. Ta ɗaure wasu a zane ta manna a cikinta, tana tafiya kamar mai ciwon baya. Da ta kara ɗaya a kunne sai ta ji ɗan motsi. Washegari ta kara, shiru.

Kullum Zabuwa ta tambaya, sai Yalwa ta ce saura kaɗan. Rannan Zabuwa ta dawo daga kiwo ta ga Kaza a bakin turmi da 'yan tsaki, babu nata ko ɗaya. Ta leƙa madafi ta ga kasko. Ta bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da baki. Duk sun zama baragurbi.

Yalwa ta durƙusa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba. Ta ce wa Zabuwa ta koma kwancinta, ko ƙwai ɗaya ba za a ƙara kai wa kasuwa ba.

Zabuwa ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ki, uwar ɗakina." Ta tashi ta tsallake danga.

Shi ya sa har yau zabuwa a jeji take ɓoye gurbinta, in ta gane hannu ya taɓa sai ta sake wuri, dole mu ɗebo da dogon ludayi. Mu kawo wa kaza, mu fara sa na zabi kafin nata, mu ba ta tsakinta ba ciniki. Ita kuwa zabuwa da yamma takan dawo, ta hau bishiya ta leƙo tsakar gida. Ku watsa mata hatsi, za ta sauko ta ci. Akurki ne dai ba za ta shiga ba.