Manhajar Rabon Ruwa da Gonar Ƙarshe

Akwai wani mutum a wani gari na bakin madatsar ruwa, sana'arsa rubuta manhaja, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta ta bi. Manoman rani na garin suka roƙe shi ya shirya musu wadda za ta riƙa buɗe ƙofofin magudanar ruwa tana rufewa, gama rabon ruwa ya sha raba zumunci a tsakaninsu.

Mutumin nan yana da wata al'ada. Ba ya farawa da umarni. Sai ya rubuta bayani tukuna da Hausa, kamar mai ba aboki labari: ga abin da ake so, ga kuma dalili. Sa'an nan ya sa umarnin a ƙarƙashin bayanin. Daga rubutun nan guda abu biyu ke fita. Kwamfuta tana tsame umarnin ta yi aiki da shi, in kuma an bukata ta tattara bayanin ta fito da littafin da mutum zai karanta. Abokan aikinsa sukan ce masa, "Kana wahalar da kanka, ina ruwan na'ura da dalili?" Yakan yi murmushi kawai ya ci gaba.

Yana da 'ya guda ɗaya. Tana ƙarama takan gan shi da la'asar a gindin mangwaro, kwamfutar a kan cinyarsa, yana karanta wa mahaifiyarta abin da ya rubuta, ita kuwa tana tsince shinkafa a faifai. In uwar ta ɗaga kai ta ce, "Ban gane ba," sai ya share ya sake. Wani lokaci har tuwo ya huce yana neman kalma ɗaya.

Kwana a tashi, iyayen suka tsufa, Ubangiji ya kira su gida ɗaya bayan ɗaya. 'Yar ta gaji sana'ar ubanta, aiki ya kai ta birni. Manhajar kuwa ta yi ta buɗe ƙofofi tana rufewa shekara da shekaru, har mutane suka manta cewa hannu ne ya rubuta ta.

Sai aka yi wata shekara damina ta yi gardama, ruwan madatsa ya ja baya ƙwarai. Manoman da gonakinsu ke kusa suka lura cewa kullum sai ruwa ya wuce ta gabansu zuwa gonakin nesa kafin a buɗe tasu ƙofar. Albasarsu tana yaushi, suna kallon ruwa yana wucewa. Magana ta yi zafi, har aka fara zuwa bakin magudana da sanduna. Shugaban ƙungiyar manoman, wani dattijo, ya aika aka kira 'yar.

Ya ce mata, "'Yata, aikin mahaifinki ya tsufa. Ki juya mana shi, na kusa su fara sha. Ai ruwa ba ya tsallake rami."

Ta ce, "To, Baba, bari in duba."

Ta zauna a ɗan ofishin ƙungiyar ta buɗe manhajar. Nan da nan ta ga umarnin da ake kuka da shi. Layi ɗaya ne, sauya shi ba wuya, ita ma a ganinta dattijon yana da gaskiya. Har ta ɗora yatsa za ta share, sai idonta ya hau kan bayanin da ke bisansa. Ga abin da ubanta ya rubuta:

"Na sa ruwa ya fara zuwa gonar ƙarshe, ta Iya Keziya, gwauruwar nan mai rainon jikoki. In na kusa suka fara sha, ƙarfin ruwan yakan mutu a hanya, abin da ya rage ƙasa ta shanye. Na kusa in sun jira za su samu, na nesa in sun jira ba za su samu ba. Kai da za ka zo bayana, in zamani ya sake, ka sake wannan, ban hana ka ba. Amma ka taka ka ga gonar ƙarshe da idonka tukuna."

Ta janye hannunta. Muryarsa ce sak, har da yadda yakan ce "tukuna" in yana so a yi haƙuri. Ta ji kamar ƙanshin shinkafar uwarta ya shigo ɗakin. Ta daɗe zaune tana bin bayanan ɗaya bayan ɗaya, tana ganin sunayen mutanen da ta sani tun tana yawo ba takalmi, yawancinsu yanzu suna kwance a bayan majami'a. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Da gari ya waye ta bi magudanar da ƙafa har ƙarshenta. Iya Keziya ta daɗe da rasuwa. Jikarta ta tarar, da goyo a baya, tana jan ɗan ruwan da ya iso da fartanya zuwa kunyar tumatir. Matar ta gaishe ta, ta ce, "Mun ji za a juya ruwan. In an juya, sai dai mu tattara mu bar garin."

'Yar ta koma ta sa kwamfuta ta tattara bayanan ubanta duka, aka buga su littafi. A taron manoma ta tashi ta karanta musu bayanin gonar ƙarshe da ƙarfi. Wani daga cikin masu sanduna ya sunkuyar da kai, ya ce Iya Keziya ce ta yi wa uwarsa unguwarzoma. Dattijon ya numfasa ya ce, "Da mun san dalili, da ba mu kai nan ba."

Ba ta bar manhajar yadda take ba. Ta rage wa kowa lokacin shan ruwa daidai da ƙarancin shekarar, na kusa da na nesa, amma gonar ƙarshe ta ci gaba da fara sha. A ƙarƙashin bayanin ubanta ta rubuta nata dalilin. Amfanin gona bai yi yawa ba a shekarar, amma ba wanda ya bar garin, ba kuma wanda aka fasa wa kai.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Manhajar ita ce tarbiyyar da muke bar wa na bayanmu. Umarnin shi ne "yi" da "bari" da muke faɗa musu, bayanin kuwa shi ne dalili. Shekarar fari ita ce ranar gwaji, wadda takan zo bayan mai ba da umarnin ya kwanta dama. A ranar nan, dokar da aka bari tsirara ba ta da mai kare ta. Ɗan kirki ma zai share ta da zuciya ɗaya, yana tsammani gyara yake yi.

Da yawa cikinmu mun tashi a gidajen da ake addu'a kafin a sa hannu a tuwo, ana ɗebe wa maƙwabci kafin a ci. Waɗansu sun daina, ba don mugunta ba, sai don ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ya sa. Allah da kansa bai bar mu da doka kaɗai ba, ya bayyana mana ƙaunar da ke bayanta, ya kuma sa idonsa a kan na ƙarshen layi.

Saboda haka in ɗanka ya tambaye ka yau, "Baba, don me muke yin haka?" kada ka ce masa, "Haka muka tarar." Ka jawo masa kujera, ka gaya masa tun kana da baki.