Motar da Ɗanladi Ya Ƙi Sayar wa Yayansa

Akwai wani manomi a garin Dogo, ta ƙasar Mirya, ana ce masa Abba. Mutum ne mai ƙwazo. Yana da gonar hatsi da ta gyaɗa, ga bijiman huɗa biyu da kowa ke sha'awa a garin. Danga ce kawai ta raba gidansa da na Ɗanladi, ɗan ƙanen babansa. Tare suka tashi, amma Abba ne babba, shi ya sa Ɗanladi ba ya kiransa sai da Yaya.

Matar Ɗanladi, Fati, tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, shi kuma yana kai wa masu shaguna a Damagaram. Da sana'ar ta ɗan yi ƙarfi, sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota a hannun wani mushe, wato malamin makaranta, da ya daina koyarwa a unguwar Birni ta Damagaram. Irin gajerun nan ce, masu ƙofar baya da ake ɗagawa sama a zuba kaya. Shuɗiya ce, rana ta cinye fentin.

Ranar da motar ta shigo Dogo, mata suka yi ta leƙe ta saman danga. Abba ya je ya shafa jikinta, ya ce Allah ya tsare hanya. Da ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Daga nan zaman lafiyarsa ya ƙare. Duk safiya in ya ji ƙarar injin ta bayan danga, sai ransa ya ɓaci. In Ɗanladi ya tarar da shi a hanya ya tsaya ya ce, "Yaya, shigo in rage maka hanya," sai ya ce ƙafafunsa ba su gaji ba.

A majalisa kuwa ya fara sakin magana. "Ƙuli-ƙuli ne zai sayi mota? Ku dai ku riƙa shinshina man da kuke saya a gidan nan." Bai ce komai a fili ba, amma maganar ta zaga gari. Wasu mata suka daina sayen man Fati, wai ana gauraya shi da wani abu.

Matarsa Rabi ta tambaye shi, "Malam, me Ɗanladi ya yi maka ne?"

Ya ce, "Ke ma motar ta shiga idonki ko?"

Ta ci gaba da tankaɗe.

Abin da Abba bai tsaya ya duba ba shi ne wahalar da ke cikin motar. Da sanyin safiya ba ta tashi sai an tura ta. Cikinta a ƙasa yake, in ta shiga rairayi sai ta kafe, sai an tona an shimfiɗa kara. Ɗanladi ba ya fita sai da jarkar ruwa, domin kafin a kai Damagaram sai ta tafasa. Yau taya, gobe batir, jibi birki. Ga isans, wato fetur, ga takardun asirans, wato inshora, da jandarmomi ke tambaya a hanya. Rabin abin da Fati ta soya, garaji ke cinye shi. Abba yana ganin ana tura motar, amma abin da ke tsaya masa a rai shi ne yadda mutane ke ɗaga wa ƙanensa hannu in ya wuce.

Ana nan, motar ta fara fitar da farin hayaƙi. Makaniki ya buɗe ya duba, ya ce wa Ɗanladi kan injin ya tsage, ruwa yana haɗuwa da baƙin mai, kuma gyaran ya fi ƙarfin motar. Ɗanladi ya yanke shawarar rabuwa da ita.

Abba na jin labari ya shiga gidan, abin da ya daɗe bai yi ba. Ko zama bai yi ba ya ce, "Na ji za ka sayar da motar. Ni zan saya."

Ɗanladi ya ce, "Yaya, zauna mana a kawo ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba."

"To, gaskiya ba zan sayar maka ba. Motar nan ta gama yayinta. Injin ya tsage. Ni da nake lallaɓa ta ma ta gajiyar da ni. In na ba ka ita, na cuce ka."

Abba ya yi murmushin takaici. "Ka faɗi gaskiya dai. Ba ka so a ga ni ma a mota. Ka fi so a ce kai kaɗai ka taɓa riƙe sitiyari a zuriyarmu."

"Wallahi ba haka ba ne, Yaya."

Abba ya kaɗa riga ya fita.

Ɗanladi ya kai motar wurin Alhaji Faruk, wani Bakano mai sayar da kayan gyaran mota a Damagaram. Ya faɗa masa duk cutar da ke jikinta, suka rabu a kan za a farfasa ta a sayar da abin da ke da sauran amfani.

Abba ya bi sawu har ya gano wurin. Alhaji Faruk ya dube shi sau ɗaya ya gane irin ƙishin da ya kawo shi. Ya ce ya dawo bayan kwana biyu. Kafin ya dawo an fesa mata jan fenti, an zuba mata mai mai kauri, an toshe abin da za a iya toshewa.

Alhaji Faruk ya ce, "Malam Abba, lafiyarta lau. Ƙanenka ne bai iya riƙon mota ba. Irin wannan sai babban mutum."

Maganar ta yi wa Abba daɗi fiye da motar.

Ranar kasuwar Mirya ya kwance bijimansa. Rabi ta tare shi a bakin zaure. "Malam, damina ta matso. In ka sayar da su, da me za mu yi huɗa?"

Ya ce, "Mota za ta ɗauki fasinja. Sai mu sa a yi mana huɗa muna zaune."

"Ɗanladi fa ya ce ba ta da lafiya."

"Baƙin ciki yake yi. Matsa in wuce."

Abba ya taɓa yin yaron mota a samartakarsa, don haka da kansa ya tuƙo ta zuwa Dogo. Ya tsaya daidai ƙofar Ɗanladi ya danna oda ya ƙi ɗagawa. Ɗanladi ya fito. Jan fentin bai ruɗe shi ba, ƙarar injin kawai ya ji ya gane ta. 

Ya ce, "Allah ya sanya alheri, Yaya. Tunda an riga an yi, don Allah kada ka yi mata lodi, kuma ka riƙa duba ruwa."

Abba ya ce, "Da ka iya, da ba ta bar hannunka ba."

Daɗin bai daɗe ba. Hayaƙin ya dawo. Batir ya mutu, aka ɗebi hatsi a rumbu aka sayar. Taya ta fashe, aka kai akuyar Rabi kasuwa. Kowane gyara sai Abba ya ce wannan ne na ƙarshe. Zuwa wurin Ɗanladi neman shawara kuwa, ya gwammace ya kwana a daji.

Wata ranar kasuwa ya cika ta da mutane da buhuna, har cikinta na jan ƙasa. Ana tsakiyar hanyar Damagaram tururi ya turnuƙe gaban motar. Injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Fasinjoji suka sauke kayansu cikin rana suna ta masa faɗa. Makanikin da aka kira ya ce injin ya ƙone, babu sauran magana. Da Abba ya koma wurin Alhaji Faruk, cewa Alhajin ya yi, "Da idonka ka gani, da hannunka ka tuƙa."

A bayan amalanke aka jawo ta zuwa Dogo, da rana tsaka, kowa na kallo.

Cikin makon ruwa ya sauka. Masu shanu suka shiga huɗar gyaɗa, kowa na gaggawar tasa gonar. Abba ba bijimi, ba abin ɗaukar masu huɗa, rumbu ya yi ƙasa. Shi da Rabi suka shuka hatsi da hannu, amma gonar gyaɗa, wadda ita ce ke riƙe gidan, tana nan ciyawa na hawa kanta. Ya daina zuwa majalisa. In ya ji muryar Ɗanladi a waje sai ya fasa fita.

Wata safiya ya ɗauki fartanya ya nufi gonar gyaɗar, ko zai iya sassabe wani gefe. Tun daga nesa ya hango ƙasar ta yi baƙi, an juye kusan rabinta. Ɗanladi ne riƙe da garma, da wasu 'yan bijimai da ya saya bayan ya rabu da motar. A gindin gawo ga buhun irin gyaɗa da Fati ta aiko.

Abba ya tsaya ya kasa ƙarasawa. Ɗanladi ya ce, "Ina kwana, Yaya."

Abba bai amsa gaisuwar ba. Ya ce, "Ɗanladi, maganar da ta zaga gari a kan man Fati, daga bakina ta fito."

"Na sani, Yaya. Tun ranar aka gaya mini."

"Kuma ka zo?"

Ɗanladi ya share gumi da hularsa. "In gonar nan ba ta yi ba, 'ya'yanka gidana za su zo cin tuwo, kuma ba zan kore su ba. Ka ga gara mu noma ta. Zo ka kama mini igiyar nan, ƙasa na bushewa."

Abba ya ajiye fartanya ya kama igiyar. Yana gaba yana jan shanun, bai juyo ba, don kada ƙanensa ya ga fuskarsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya miƙe a gaban mutanen da ya saba zama da su. Ya ce abin da ya faɗa a kan man gidan Ɗanladi ƙarya ne, hassada ce ta sa shi. Daga nan ya wuce gidan, ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya nemi gafarar Fati.

Gyaɗar ta makara, ba ta yi kamar ta kowace shekara ba. Amma ta kai gidan Abba har wata kakar.

Darasi: Hassada tana nuna maka kyan abin da ke hannun wani, ta ɓoye maka wahalar da yake sha a kansa, har ka ɗauki mai gaya maka gaskiya a matsayin maƙiyi, mai yaudararka kuma masoyi. Kada ka sayar da abin da ke ciyar da gidanka don ka burge mutane. In labarin nan ya tuna maka da wani, tura masa, wataƙila bai riga ya kwance bijimansa ba.